Keytruda: Inda Yake Aiki da Inda Ƙarfinsa Ya Tsaya

Keytruda, maganin ciwon daji wanda kamfanin Merck na Amurka ke sarrafawa, ruwa ne garai-garai a 'yar kwalba mai miligiram 100, ana ajiye shi a firji, ana kuma ɗura wa majiyyaci ta jijiya cikin minti 30, yawanci miligiram 200 duk bayan mako 3. Shi kansa ba ya kashe ƙwayar ciwon daji. Ƙari yakan fitar da sinadarin PD-L1, wanda ke manne wa PD-1 da ke jikin ƙwayoyin T na garkuwar jiki ya sa musu takunkumi, to aikin maganin shi ne hana wannan mannewa. Masanin kimiyya ɗan Japan Tasuku Honjo ne ya gano PD-1 a Kyoto a 1992, binciken da ya kai shi ga kyautar Nobel a 2018.

Inda ya karɓi mutum, abin a yaba ne matuƙa. An fara amincewa da shi a Amurka a 2014 saboda sankarar fata, kuma da shi aka yi wa tsohon shugaba Jimmy Carter magani a 2015 bayan cutar ta kai hanta da ƙwaƙwalwa.

Sai dai ba kowane ƙari ne ke jin maganin ba, kuma a nan nake ganin ana yawan ruɗar iyalai. Ƙarin pancreas (gaɓar ciki mai samar da insulin) da yawancin na prostate (gaɓar maza da ke ƙarƙashin mafitsara) sukan kewaye kansu da nama mai tauri, iska ta yi ƙaranci a ciki, tsami ya taru, har wasu ƙwayoyin garkuwar ma su koma kare ƙarin, ta yadda ƙwayoyin T ba sa samun shiga balle a kwance musu takunkumi. Shi ya sa likitoci ke haɗa shi da kemo (magungunan da ke kashe ƙwayoyin ciwon daji kai tsaye) a ciwon dajin huhu, ko da maganin axitinib a na ƙoda. Illarsa ma ba ta wasa ba ce, domin garkuwar da aka saki tana iya far wa huhu, hanji, hanta ko gaɓar thyroid da ke maƙoshi.

Tsadarsa ita ce babbar damuwata, tunda kashi ɗaya a Amurka ya haura dala 10,000. Kafin iyali su sayar da gona ko gida, ya kamata su nemi likita ya fara auna PD-L1 ko MSI (alamar cewa ƙwayoyin ƙarin ba sa iya gyara kurakuran ƙwayoyin halittarsu) a naman ƙarin, domin sakamakon zai taimaka wajen nuna ko akwai dalilin sa rai.