ThinkPad X280 ta hannu: yadda take a aikin karkara da abin dubawa kafin a biya

Malamin da ke haɗa sakamakon jarrabawa a Ringim, da ma'aikaciyar asibitin sha-ka-tafi mai shigar da alƙaluman riga-kafi a ƙauyukan Birnin Kudu, da mai shagon buga takardu a Maigatari, damuwarsu ɗaya ce idan za su sayi laftof: da me za a yi mata caji, kuma za ta jure ƙura da jijjigar babur? Da wannan ma'auni ya kamata a auna Lenovo ThinkPad X280, wadda ta fito a 2018 don ma'aikatan ofis, yanzu kuma ake samun ta hannu a shagunan kwamfuta na Kano irin na titin Beirut.

Allonta inci 12.5 ne, nauyinta bai kai kilo ɗaya da rabi ba. Tana shiga jakar takardu ba sai an nemi jakar goyo ba. Maɓallanta na da daɗin dannawa, wanda ke wuni yana buga sunayen ɗalibai zai ji bambanci a yatsunsa. Sai dai maɓallin Fn ne a ƙarshen hagu, inda hannu ya saba samun Ctrl. Ana musanya su a BIOS, wato shafin saitunan na'urar na asali, wanda ake shiga da danna F1 yayin kunnawa. Babu jerin lambobi a gefen dama, don haka mai yawan lissafi a Excel ya tanadi ƙaramin allon lambobi na USB.

Babban abin da ya sa ta dace da karkara shi ne caji. Ta USB-C take sha, da caja mai wat 45 ko 65, kuma ramukan USB-C biyun da ke gefen hagu duk suna karɓa. Ma'ana mai sola a gida ba ya bukatar inbata. Cajar mota mai PD (tsarin caji mai ƙarfi na USB-C) da ke iya fitar da bolt 20 za ta ja kai tsaye daga batir mai bolt 12, an huta da asarar wutar da inbata ke ci. Fawa-banki ma na yi, muddin an rubuta a jikinsa yana ba da wat 45 ko sama. Mai 20,000mAh yana ɗauke da kusan Wh 74 (ma'aunin yawan wutar da batir ke riƙewa), batirin X280 kuwa Wh 48 ne yana sabo. In an cire asarar hanya, cika ɗaya ne da ɗan ragowa. Cajar waya ta yau da kullum mai bolt 5 ba za ta yi ba, kada a wahalar da kai.

A nan kuma rauninta yake. Ramukan cajin a manne suke da babban allon ciki. Igiyar da ake fizga, ko ake bari tana reto daga kan benci, tana sassauta ramin a hankali, gyaransa kuwa sai ƙwararren mai dalma. Ga kuma matsalar da Lenovo da kansa ya sanar: tsohuwar manhajar da ke tafiyar da Thunderbolt, wato fasahar ɗaya daga ramukan USB-C ɗin, a wannan zubin tana iya lalata ƙaramar na'urar ciki da ke kula da shi, har ramin ya daina aiki yadda ya kamata. Kamfanin ya fitar da gyara, amma ba kowace ta hannu aka sabunta ba. Ranar da aka saya, kafin a bar gari mai intanet mai ƙarfi, a buɗe Lenovo Vantage, manhajar kamfanin ta kula da na'urar, a sauke sabuntawar Thunderbolt da ta BIOS, caja na jone har a gama. Wannan ba abin da za a ce sai wani jiƙon ba ne.

Cajar jabu ma ɓarna ce. Alamarta, linzami ya riƙa tsalle da kansa da zarar an jona, musamman a kan ƙaramin janareto. Ta asali tana da ɗan nauyi a hannu, rubutun jikinta kuma a fili yake.

Batirin a ciki yake, ba a zare shi a sa wani kamar na yayarta X270, mai batir biyu da ramin wayar intanet. Wasu za su ce to ai X270 ta fi dacewa da inda babu wuta. Akwai gaskiya a ciki. Amma injinta, wato processor, na zubi na shida ko na bakwai ne, Windows 11 ba ta karɓe su a hukumance ba, Microsoft kuma ya daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba, 2025. X280 mai injin zubi na takwas, kamar i5-8250U ko i5-8350U, ta tsallake wannan shingen. A lura, akwai X280 masu zubi na bakwai. Lambar farko bayan ɗan layin da ke cikin sunan injin ita ce shaida, 8 ake nema.

RAM ɗinta ma, wato ƙwaƙwalwar da take aiki da ita, a manne yake, ba a ƙarawa. Abin da ka saya shi za ka zauna da shi har ta mutu. Mai 8GB ta isa Word da Excel da shafukan rajista, mai 16GB ta fi kwanciyar hankali, mai 4GB kuwa ko an karya kuɗinta a bar wa mai shago kayarsa. Ma'ajiyar fayiloli ta SSD kuwa ana iya sauya ta, nau'in M.2 2280.

Allo iri biyu ne a kasuwa. Mai 1366x768 dushi-dushi yake, in mutum biyu suka zauna kallon takarda ɗaya, na gefe ba ya ganin komai sosai. Mai 1920x1080 ya fi haske, ana iya aiki da shi a rumfa da rana. Ƙarin kuɗinsa bai faɗi a banza ba.

A shagon, kada a yi sauri. A shiga BIOS da F1. In ta nemi kalmar sirri mai shago bai san ta ba, ciniki ya ƙare, domin ba a goge ta da sake Windows. A buɗe Command Prompt, tagar rubuta umarni ta Windows, a rubuta powercfg /batteryreport, a gwada abin da batirin ke ɗauka yanzu da abin da aka ƙera shi da shi. Wanda ya koma rabi ba zai kai ka azahar ba, mai lafiya kuwa yakan ba da sa'o'i biyar zuwa shida na rubutu in an rage haske. A jona caja a ramukan biyu ɗaya bayan ɗaya, a ɗan motsa kan igiyar a ga ko cajin na yankewa. A duba jerin haruffa, don waɗanda suka fito daga Jamus Z ne a gurbin Y, na Faransa kuma da A suke farawa. Ramin layin waya da ke bayanta kada ya ruɗi kowa: sai an sa katin modem da eriya a ciki yake aiki, kuma ba kowacce ke da su ba.

Ƙurar hunturu da zafin bazara su ne sauran abokan gaba. Fanka ɗaya gare ta, iska ta ƙasa take shiga. Ɗora ta a kan katifa ko darduma yana toshe numfashinta, injin ya yi zafi ya rage gudu da kansa, mai ita ya ɗauka cuta ce ta shiga. Faifan katako ko tire ya wadatar. Bayan kowane hunturu a kai ta a buɗe a kakkaɓe fankar, amma mai gyaran ya fara kashe batirin ciki daga BIOS kafin ya kwance murfin ƙasa. Wanda ke barinta a jone da sola duk yini ya saita Vantage caji ya tsaya a kashi 80, batirin zai fi daɗewa bai kumbura ba. In kuma wata rana ta ƙi kunnuwa gaba ɗaya, akwai ɗan rami a ƙasanta. A cire caja, a danna shi da miƙaƙƙen kilif na takarda, sannan a mayar da caja a sake kunnawa kafin a biya kuɗin mota zuwa Kano.