Waƙar baka ko ta littafi: wace ta fi sa yara dariya a gida?

'Yar'uwa, kin tambaya ko ki sayo littafin waƙoƙin ban dariya ko ki tsaya kan waɗanda ake rerawa da baki, ga yaranki masu shekara 4, 7 da 10. Shawararmu ki fara da ta baka, ta littafi ta biyo baya.

Ƙarfin waƙar baka yana ga amshi. Babba ya ba da waƙa, yara su amsa da tafi, yadda 'yan mata ke yi a gaɗa ko yara a tashe cikin azumi. Ɗan shekara 4 ba ya riƙe baiti, amma amshin kalma uku ko huɗu yana zaune masa daram, kuma za ki ga ya ɗaga hannuwa yana jiran wurin da zai faɗo. A nan ake kamo dariyarsa. Ki maimaita ɗangon, wato layin waƙar, sau uku yadda ya saba ji, a na huɗu ki sauya kalma ɗaya, akuya ta hau keke maimakon Baba. In kika sauya tun farko ba zai yi dariya ba, domin bai riga ya san daidai ba balle ya gane an karkata. Gagara-gwari, irin na kwaɗo da ƙato da koto, shi ma haka yake: a hankali sau biyu, sannan a ƙara sauri har harshen kowa ya harɗe, har da na iyaye. Amma in akwai mai in'ina a gidan, a bar wannan wasa, kada dariyar ta koma kansa.

Rubutacciyar waƙa tana ba da abin da ta baka ba ta cika bayarwa ba: tsari. Baiti, ɗango, amsa-amo (sautin da ƙarshen layuka ke dacewa a kai), duk yaro yana ganinsu da ido. Sakkwato kuwa gidan wannan fasaha ce tun zamanin Nana Asma'u, kuma ko nata waƙoƙin ta baki suka isa ga mata a ƙauyuka, ta hannun 'Yan Taru, ƙungiyar ilimantar da mata da ta kafa. Ga mai shekara 7 ki zaɓi 'yar ƙwar biyu, wato mai ɗango biyu a kowane baiti, baiti shida zuwa takwas. 'Yar ƙwar biyar ta yi masa tsawo, kafin a kai ɗangon da abin dariyar yake ya manta farkon. Mai shekara 10 shi ya karanta, ya tsaya kafin kalmar ƙarshe ƙannensa su cinko ta.

Matsalar littafi biyu ce. Ana karanta shi kamar darasi, babu rauji, sai waƙar ta mutu. Sannan yawancin littattafan da daidaitacciyar Hausa aka rubuta su, in bakin ya koma Sakkwatanci wata gaɓar takan ƙara nauyi, karin ya yi tuntuɓe. Ki rera ke kaɗai tukuna, ki gano inda ya tsaya.

Minti goma sha biyar bayan Isha'i sun isa, kan tabarma a tsakar gida lokacin zafi, a ɗaka in hunturu ya shigo. Zambo ya tsaya kan kyanwa, jaki da zakara, kada ya taɓa mai fitsarin kwance ko mai wata tawaya. Abin da yaran suka ƙago da baki, ki ba babban yaron littafin rubutu ya riƙa zubawa a ciki, kowane baiti da sunan mai shi.