Sharhi: Allon Wacom Intuos da manhajar Krita a hannun malamin zane

Babbar wahalar koyar da zane a aji mai ɗalibai hamsin ita ce ba kowa ke ganin hannun malami ba. In ya sunkuya kan tebur yana nuna yadda ake shafa inuwa da fensir, yara biyar ko shida da suka kewaye shi ne suke amfana, na baya sai leƙe. Alli kuwa ba ya fitar da laushin inuwa. Wannan giɓin ne ƙaramin allon Wacom Intuos mai lamba CTL-4100, wanda ake jona wa kwamfuta a yi zane a kansa da alƙalami, yake cikewa idan aka haɗa shi da manhajar zane ta Krita da majigi. Ra'ayina bayan aiki da su a aji: kayan nuni ne masu kyau ga malami, amma ba sa maye gurbin takardar ɗalibi.

Filin da ake zane a kai milimita 152 ne da 95, kusan rubu'in takardar A4. Alƙalaminsa ba ya cin batir, ba a kuma yi masa caji, yana bambance nauyin hannu har mataki 4096, shi ya sa layi ke kauri in an danna, ya sirance in an sassauta. Akwai maɓallai huɗu a kan allon da biyu a jikin alƙalamin. Allon ba shi da fuskar nuna hoto, hannu na ƙasa ido na kan kwamfuta, kuma sai an yi 'yan kwanaki kafin su saba da juna. Kada malami ya fara koyon wannan a gaban yara. Ita Krita kyauta ce, kuma da zarar an sauke ta ba ta neman intanet.

Matsala biyu kusan kowa ke cin karo da su ranar farko. Ta ɗaya, alƙalami ya riƙa fitar da layi mai kauri ɗaya kamar linzamin kwamfuta. Ko dai ba a saka direban Wacom ba, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta gane allon, ko kuma Krita da Windows ba sa magana ta hanya guda. A saka direban, a sake kunna kwamfuta. In bai gyaru ba, a shiga Settings, Configure Krita, Tablet Settings, a sauya tsakanin WinTab da Windows Ink, sannan a rufe Krita a sake buɗe ta. Ta biyu ta fi ɓata rai: ka zana da'ira a allo, ta fito kamar ƙwai a bango. Dalili shi ne fasalin allon 16 da 10 ne, majigi kuwa sau da yawa 16 da 9 ne ko 4 da 3, sai hoton ya miƙe. A saitin Wacom, ƙarƙashin Mapping, a kunna Force Proportions. Za a rasa ɗan gefen allo, amma siffa za ta daidaita.

Girman shafi ma yana kayar da mutane. A4 a kan 300 dpi (yawan ɗigo a kowane inci) fiksal, wato ɗigon hoto, 2480 ne da 3508, kuma tsohuwar laftof mai RAM (ma'adanar aiki ta kwamfuta) na giga 4 za ta fara jan ƙafa da zarar leyoyi (shimfiɗun zane da ake ɗora wa juna) sun yi yawa, burushi yana bin hannu a baya. Don nuni a bango 150 dpi ya isa, wato 1240 da 1754. A kuma rage tazarar adanawa ta atomatik zuwa minti biyar, saboda ɗauke wuta ba ta sallama.

Leya ita ce abin da ya fi komai amfani a darasi. A zana tulu, a sa siffofin asali a leya ta farko, layin waje a ta biyu, inuwa a ta uku, haske a ta huɗu. Sai a riƙa kashe su ana kunnawa, yaro ya gani da idonsa cewa tulun nan da'ira ce da wuya a kanta. A takarda, da zarar inuwa ta hau, ƙashin zanen ya ɓuya ke nan. Maɓallin M yana juya shafi kamar madubi, nan take karkacewar fuska ko kafaɗa take bayyana. Multibrush kuma yana maimaita layi ɗaya sau huɗu ko takwas kewaye da tsakiya, ya dace ƙwarai da koyar da dagi, adon hula, zanen lalle da irin adon bangon tsofaffin gidajen Zariya da Kano. Sai Wrap Around Mode, wanda ke jera zane gefe da gefe kamar atamfa, ɗalibi ya gane dalilin da ya sa dole bakin dama ya haɗu da na hagu.

Wajen launi kam na rage musu maki. Kwamfuta da haske take haɗa launi, don haka shuɗi tsantsa da rawaya tsantsa suna ba da toka-toka maimakon koren da fenti ke bayarwa. Darasin haɗa launi a bar wa fenti da ruwa da faranti. Majigin ma yana ƙara dagula lissafi: a aji mai manyan tagogi, majigin da ƙarfin haskensa bai kai lumen 3000 ba yana kashe launi, inuwa mai laushi ta ɓace gaba ɗaya. A rufe tagogin da ke kusa da bango, a yi nuni da baƙi da fari masu ƙarfi. Kuma in majigin mai fitila ne, yanke masa wuta kafin fanka ta huce shi yana rage wa fitilar kwana, ga ƙurar hunturu da ke toshe matacin iskarsa.

Akwai kuma Ctrl da Z, maɓallan da ke soke abin da aka yi na ƙarshe. Yaron da ya saba goge kuskure da dannawa ɗaya ba ya tsayawa ya auna kafin ya ja layi, alhali jarrabawar zane ta WAEC da NECO a takarda ake yin ta. Saboda haka a darasin minti 40, minti goma na nuni sun wadatar, a bar matakin ƙarshe a bango, sauran lokacin kowa ya koma kan fensirinsa. Allo ɗaya ya ishi aji. Sayen goma don a raba wa yara asarar kuɗi ce in babu kwamfuta goma da wutar da za ta riƙe su.

Tsinin alƙalamin roba ne, yana cinyewa, musamman a hannun mai dannawa da ƙarfi ko in ƙura ta kwanta a kan allon. In ya fara fito da gefe mai kaifi a canza shi kafin ya karce fuskar allon. Akwai guda uku na ajiya a cikin jikin alƙalamin, sai an kwance bayansa ake ganin su, kuma mutane da yawa ba su san suna nan ba.