IVIG ko sauya ruwan jini ga dattijo mai myasthenia gravis

Idan wannan cuta mai raunana tsokokin jiki ta tsananta har haɗiya da numfashi suka gagara, zaɓi biyu ne.

IVIG ƙarin ruwa ne ta jijiya mai ɗauke da sinadaran garkuwar jiki, giram 0.4 kan kowane kilo na nauyin jiki kullum, kwana 5. Yana da sauƙin bayarwa, amma yana sa jini kauri, don haka mai ciwon ƙoda ko shanyewar ɓarin jiki sai a rage masa gudun ruwan.

Sauya ruwan jini kuwa inji ke yi, kamar sau 5, ana tsallake kwana ɗaya. Yakan fi saurin aiki, sai dai yana iya faɗar da awon jini, abin da tsohuwar zuciya ba ta cika jurewa ba. Kada a yi shi jim kaɗan bayan gama IVIG, zai wanke maganin.