Access ko AppSheet: amsa ga ɗan'uwanmu na wajen Gumel

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, ka ce kawunka yana ba manoma taki bashi da damina, su biya da riɗi ko kuɗi da kaka, littattafan bashin sun yi masa yawa, kuma yana so ka haɗa masa manhaja kafin a fara girbi. Ka rasa wanne za ka ɗauka tsakanin Microsoft Access da AppSheet, waɗanda dukansu kayan haɗa manhajar ajiye bayanai ne. Na yi aiki da duka biyun.

Abin da zai raba maka gardama shi ne a ina ake rubuta cinikin. A shago ne, mutum ɗaya yana zaune gaban kwamfuta, ko kuwa yaran kawu ne ke rubutawa a tsaye cikin kasuwa, ana awo ana hayaniya?

In a shago ne, Access ya fi. Tun 1992 yake, kuma har yanzu ban ga abin da ya kai shi saurin haɗa fom da rahoto ba. Ka tsara teburin manoma (wato jadawalin bayanansu), na taki, na biya, ka haɗa su, cikin yini biyu ka fitar da takardar da za a buga a miƙa wa manomi ya ga abin da ake bin sa. Ba ya neman intanet ko kaɗan. Fayil ɗinsa yana tsayawa a gigabait 2, amma cinikin kawu zai yi shekaru bai kai nan ba muddin ba ka cusa hotuna a ciki ba. Matsalarsa biyu ce. A Windows kaɗai yake aiki, ba ya hawa waya. Sannan ba ya son a ɗauke wuta yana tsakiyar rubutu. Na taɓa ganin fayil ya lalace saboda janareto ya mutu da kwamfutar tebur a kunne, muka kwana muna neman bayanan bashin wata guda. Saboda haka ka sa shi a laftof mai batir mai kyau, ka raba fayil biyu, ɗaya na bayanai ɗaya na fom-fom, kuma kullum da yamma a kwafe na bayanan a filasha.

AppSheet kuwa, wanda Google ya saya a 2020, ɗan waya ne. Ka zuba bayananka a Google Sheets, manhajar jadawali ta Google da ke kan intanet, shi ya gina maka fuskar da yaro zai danna a wayarsa ta Android. Yana karɓar rubutu ko babu sabis, ya ajiye a wayar, in sabis ya dawo ya tura. Yaron da aka aika Maigatari ranar Alhamis zai rubuta buhu nawa ya karɓa, ya ɗauki hoton rasit, kawu yana gida ya gani da zarar saƙon ya shiga. Access ba zai taɓa yi maka wannan ba.

Amma a nan ne mutane ke faɗawa rami, kuma ina so ka ji ni da kyau. In yara biyu suka gyara layi ɗaya alhali dukansu ba su da sabis, wanda ya tura daga baya zai iya shafe na farko. A harkar bashi wannan rigima ce da za ta kai gaban mai gari. Maganinta a tsari yake: kada ka yi gurbin da ake shiga a canza "ragowar bashi" da hannu. Duk biya sabon layi ne, da ranarsa da sunan wanda ya karɓa, manhajar ta haɗa jimilla da kanta. Kuma kowane manomi ka ba shi lamba, domin a gari ɗaya za ka samu mutum biyar masu suna ɗaya da sunan uba ɗaya.

Sai maganar kuɗi. AppSheet yana barin ka gwada da mutum 10 kyauta, amma in za a yi aiki na dindindin biya ake yi da dala, kowane wata, a kan kowane mai amfani. Ka faɗa wa kawu wannan tun yanzu, kada ya ji daga baya. Shi Access lasisin kwamfutar da za ka gina manhajar a kanta ake buƙata, sauran kwamfutoci suna iya buɗe abin da ka gina da Access Runtime, wanda kyauta ne.

Wani zai ce maka Power Apps, kayan haɗa manhaja na Microsoft. Yana da kyau ga ofishin da ya riga ya biya Microsoft 365, ba ga kawu ba. KoboToolbox kuma na tattara amsoshin tambayoyi ne, ba littafin bashi ba.

Tunda ka ce yara uku ne ke zagaya ƙauyuka, ni AppSheet zan ɗauka. Ka fara da teburi uku kacal, ka rubuta sunayen maɓallan da Hausa, ka ba yaro ɗaya ya gwada kasuwa biyu yana kuma rubutawa a littafi. In lissafin wayar da na littafin suka zo daidai, sai ka ba sauran biyun.