Na kai tsofaffin katunana a ba su maki, ga yadda ta kaya

Masu tara tsofaffin katunan 'yan wasa sun san zancen, ka tura katinka kamfani su duba su rufe shi cikin gidan roba mai tauri su manna masa lamba daga 1 zuwa 10, wannan lambar kuma ita ke yanke kuɗin katin a kasuwa. Manyan da ake ji da su a Amurka su ne PSA da aka kafa a 1991 da SGC sai Beckett. Abu huɗu suke dubawa, kusurwoyi, gefe, fuskar katin, da kuma ko hoton ya zauna a tsakiya ko ya karkace tun daga wajen bugawa.

Ni katuna shida na tura wa ɗaya daga cikinsu, ba zan kama suna ba, duk na wasan besbol ne da kamfanin Topps ya buga a shekarun 1960. Bari in fara da inda suka burge ni, akwai guda ɗaya da nake ji da shi kamar me, ashe jabu ne, suka dawo min da shi ba maki. Na ji haushi sosai amma da na sa gilashin ƙara girma na jera shi da na gaske sai na ga ɗigo-ɗigon bugun ba iri ɗaya ba ne, takardar ma ta fi fari. Wallahi da ni kaɗai ne har abada ba zan gane ba. To wajen raba na gaske da jabu kam na sara musu.

Lambar ce matsalar. Wani katina kusurwoyinsa tsaf, launi bai koɗe ba, ina ta lissafin 7 sai ga 5, kuma babu wani bayani, lamba ce kawai a kan takarda. Na yi kwana biyu ina jujjuya shi ƙarƙashin fitila kafin na hango wata 'yar lanƙwasa a baya wadda sai ka karkata shi haske ya daki gefe sannan ta fito. Na ce to shikenan sun fi ni ido. Amma sai wani aboki ya zuga ni na fasa robar na sake turawa, kati ɗaya kamfani ɗaya lanƙwasar na nan inda take, ya dawo da 6. To wanne ne gaskiya? Mutum ne ke dubawa, mai dubawar yau ba lallai shi ne na gobe ba, kuma shi ya sa fasa roba a sake turawa ya zama sana'ar wasu.

Kada a ce ƙorafin ƙananan 'yan kasuwa ne irina. Katin farko da PSA ta taɓa ba wa maki shi ne na tsohon ɗan wasan besbol Honus Wagner, daga jerin katunan da ake kira T206, irin wanda ake sakawa cikin kwalin sigari tsakanin 1909 da 1911, wanda ɗan wasan hokin ƙanƙara Wayne Gretzky da mai ƙungiyarsa Bruce McNall suka saya dala 451,000 a 1991. An ba shi 8. A 2013 wani dillalin katuna mai suna Bill Mastro ya amsa a kotu cewa ya datse gefen katin don ya yi kyau, alhali a ƙa'ida katin da aka datse bai cancanci lamba ba sam. Kafin nan an riga an sayar da shi dala miliyan 2.8 a 2007. A 2019 ma an sake yin wani rikicin, masu tara kati da kansu suka riƙa tono tsofaffin hotunan gwanjo suna nuna kati kafin a gyara shi da bayan an gyara, ya samu maki mafi girma, har FBI ta shiga zancen.

Abin da ke sa datsa wuyar kamawa shi ne tsofaffin katunan nan tun daga masana'anta ba a yanka su daidai ba, wani ya ɗan fi wani faɗi, to mai reza in ya samu mai faɗin ya aske kaɗan girman zai tsaya cikin ma'auni. Kuɗin da ke ciki kuwa ba na wasa ba ne, katin ɗan wasan besbol Mickey Mantle na 1952 mai maki 9.5 na SGC dala miliyan 12.6 aka saye shi a 2022.

Kuɗin da kamfanin ke karɓa na ba da makin ma yana hawa ne gwargwadon darajar katin, jira kuma sai haƙuri.

Zan sake turawa? E, in katin mai tsada ne kuma sayarwa zan yi, don mai saye daga nesa ba zai yarda da bakina ba sai ya ga roba. Amma in ni zan saya yanzu sai an turo min hoton gaba da baya da kusurwa huɗun nan a kusa, in duba lambar rajistar a shafin kamfanin, in gefen ya cika santsi fiye da shekarun katin in haƙura ko da 8 aka rubuta. Mai 6 ɗin nan yana nan a durowa, ban sayar ba tukuna, in zan sayar kuma sai na nuna wa mai saye lanƙwasar.