GARGAƊI: kafintan bogi ya cinye min kashi 85 na kuɗin kejin kare

Jama'a, kwana uku ke nan ina rubuta wannan abu ina gogewa saboda kunya. Yau dai na ce ko dariya za a yi min sai na faɗa. Kashi 85 cikin ɗari na kuɗin aiki na tura wa mutumin da ban taɓa gani ido da ido ba. Kashi 85. Ko ƙusa ɗaya ban samu ba.

Masu shirin cewa me ya kai ka yi wa kare kabad, ku ajiye wannan tukuna, ba shi ne maganar ba. Kejin waya muke da shi, duk ya yi tsatsa, in karen ya juya da dare ƙararsa sai ta tashi kowa, uwargida kuma ta daɗe tana cewa ya ɓata mata falo. Shi ya sa na nemi irin wanda ake yi da katako, samansa teburi ne da za ka ɗora fitila da littattafai, ƙasansa wurin kwanan kare, baƙo in ya shigo sai ya ɗauka kayan ɗaki ne kawai. Na ga tallan wani a Facebook, hotuna masu kyau, muka koma WhatsApp.

Abin da ke hana ni barci shi ne wannan. Ni na fara cewa ya faɗa min farashi. Ya ƙi. Ya ce, "Yallaɓai, bar maganar kuɗi tukuna, auna min karen." Wallahi wannan kalmar ce ta kashe ni. Auna min karen. Ya ce in sa tef daga kan hanci zuwa tushen wutsiya, ba ƙarshenta ba, in ƙara inci 4. Sannan in zaunar da shi in auna daga ƙasa zuwa ƙololuwar kai, nan ma in ƙara inci 4, domin dole kare ya iya miƙewa tsaye, ya juya, ya kwanta ya miƙe ƙafa. Na durƙusa a tsakar falo, ƙanena ya riƙe min karen yana ta lasar tef ɗin, sau uku muna sakewa. Inci 32 tsawo, 24 tsayi. Na tura masa, ya ce to 36 da 28 ke nan. Ku faɗa min, ɗan damfara ne zai tsaya yana ce maka tushen wutsiya ba ƙarshenta ba?

Ni ba yaro ba ne. Shekara da shekaru ina sayen kaya ta intanet ba a taɓa cuta ta ba, har ni nake yi wa mutane faɗa a kan tura kuɗi. Kuma na gwada shi. Da gangan na ce ya yi min da MDF, wannan allon garin katako da ake matsewa da gam, tunda ya fi araha. Ya ce ko kyauta ba zai yi ba, don da zarar ruwan sha ko fitsari ya taɓa shi sai ya kumbura ya ruɓe, sukuru ma ba ya kama gefensa da kyau. Ya ce jiki filawud mai kaurin milimita 18, gefuna da ƙofa katako mai tauri, saboda mai laushi kare zai gwaigwaye shi. Ya hana ni katakon da ake jiƙawa da maganin gara, ya ce na aikin waje ne, akwai sinadarin jan ƙarfe a cikinsa, ba a sa shi inda dabba za ta kai baki. Sanduna na ƙarfe, tsakaninsu kada ya wuce inci 2 don kada kai ko muƙamuƙi ya maƙale. Iska ta riƙa shiga ta ɓangare uku. Tire a ƙasa mai zarowa don wanki. Banish irin wanda ake haɗa shi da ruwa, kuma ya ce bushewa a hannu daban, ƙanƙamewa daban, sai ya yi kamar mako uku zuwa huɗu kafin a sa kare.

Duk na je na bincika daga baya. Babu ƙarya ko ɗaya a ciki. Wannan ya fi komai ƙona min rai. Mutumin ya san aikin, ko kuma ya haddace shi kamar karatu, ni kuma na ɗauka sanin aiki da riƙon amana abu ɗaya ne.

Kafin alƙalami kashi 50 ya nema. Na tura. Na ce ai ko kafintan da ka sani sai ya karɓi na sayen katako. Sai kashi 20 na sanduna da sakata da hinji. A'a, tsaya, kafin wannan sai da ya turo min bidiyon daƙiƙa goma, ana yanka filawud da zarto, ba fuska, hannu kawai da ƙura. Ko bayan na tura ne ya turo? Zan duba hirar, komai yana nan. Abin da na tabbata shi ne ranar da na tura kashi 20 ɗin ya kira ni da kansa, ya ce, "Ranka ya daɗe, na ga alat, Allah ya ƙara buɗi. Yaya mutumin namu?" Karen yake nufi. Ya riƙe sunansa, kullum sai ya tambaye shi. 50 da 20, 70 ke nan, kuma har lokacin ina yabonsa a gaban mutane.

Uwargida ta ce min, "Maigida, ka ga shagonsa kuwa?" Na ce mata ke dai zuba ido. Har na nuna mata saƙon auna min karen, kamar wata takardar shaida. Yanzu ba ta ce komai ba, kuma wallahi gara ta yi faɗa.

Mako uku ya ce zai gama. Na uku ya wuce, ya ce banish bai ƙanƙame ba, kuma ba zai ba ni abin da warinsa zai cutar da kare ba. Kun ga yadda ya ɗaure ni da igiyata? Shi ne ya koya min maganar mako uku zuwa huɗu tun farko, to da wane baki zan ce ya yi sauri? Na jira. Sai rasuwa a danginsa. Na yi masa ta'aziyya, ni da hannuna na rubuta masa addu'a mai tsawo. Sai yaron shago ya tafi da makulli. Can kuma, ina jin mako na shida ne ko na bakwai, ya ce kaya ya kammala, yana da nauyi, sai mutum biyu, in tura kashi 15 na mota, amma asusun direba zan tura. Sunan da ke kan asusun daban. Na lura. Na tsaya na kalli sunan ya kai minti ɗaya, yatsana a kan waya, zuciyata ta ce kar ka tura. Sai na ce wanda ya riga ya ba da 70 zai tsaya a kan 15? Na danna. 50, 20, 15. Kashi 85.

Na manta ban faɗa ba, hoton kejin da ya ce nawa ne tun mako na huɗu ya turo shi, an yi masa fenti ruwan ƙasa, har da fitila a kai. Ƙanena ne ya sa shi a Google Lens, manhajar binciken hoto, ranar da direba ya daina ɗaga waya. Cikin daƙiƙa kaɗan hoton ya fito a shafin wasu masu sayar da kaya a ƙasar waje, an dai juya shi ne, ƙofar da ke dama ta koma hagu, an yanke gefen da tambarinsu yake. Da na ƙara girman hoton sai ga soket a bango, irin da ba ma amfani da shi. Mako biyu ina kallon hoton nan kullum, ina nuna wa mutane, ban ga soket ba.

Na tura masa hotunan biyu gefe da gefe. Ya karanta, alamar ta nuna. Ya fara rubutu, ya tsaya, ya sake farawa. Daga nan hoton fuskarsa ya ɓace, wanda shi ma na san ba nasa ba ne. Ya toshe ni. Lamba a kashe, shafin ya canza suna, yanzu gadajen yara yake tallatawa da irin salon rubutun nan nasa. Na kai ƙorafi banki, na cike takarda, na kai rahoton shafin, ina jira.

Duk hirar tana hannuna, da rasit uku, da saƙonnin muryarsa, da bidiyon zarton. Zan sa su da zarar na rufe lambar asusuna da adireshina, don har adireshi na ba shi.

Ku dai kada ku tura sisi sai kun ga shago ko ya kira ku ta bidiyo yana tsaye kusa da aikinku. Ku bincika hoto kafin kuɗi, ba bayansa ba. In sunan asusu ya canza, ku tsaya nan.

Auna min karen. Na ma manna salatif a ƙasan falo, inci 36, inda kejin zai zauna, don uwargida ta ga ba zai tare hanya ba. Yana nan har yanzu ban ɓare ba. Takardar awon ma tana hannuna, in akwai wanda ya san kafinta na gaske da zan je in tsaya a kansa ya yi min, kuma ba zan ba da ciko ba sai abin ya shigo falona.